Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Darasin Kifaye Masu Cin Ɓawo

A kasuwar Tudun Wada ta Zariya, da zarar mai saye ya nuna karfasar da yake so, sai mai kifi ya ɗauki wuƙa ya shiga kankare ta daga jela zuwa kai. Ɓawon da ke fita, wanda wasu ke kira kamɓori, ya riƙa tsalle yana manne wa hannu da bakin faranti, in an gama a share a zubar. Babu mai cinikinsa, babu mai roƙon a ƙulle masa shi a leda. To amma can a Tafkin Tanganyika da ke gabashin Afirka, akwai 'yan uwan wannan karfasa da abin zubarwar nan shi ne tuwonsu na yau da gobe. Ba sa jiran kifi ya mutu. Sukan lallaɓo ta baya, su kai wa kifi mai rai cafka a gefen jiki, su yagi ɓawo 'yan kaɗan, su tsere. Wanda aka yaga ya ci gaba da iyonsa, ɓawon ya sake tsirowa, wata rana a sake dawo masa.

Sama da shekara ɗari ke nan masana na ta sauya wa waɗannan kifaye suna da mazauni a cikin jerin halittu. A raba su, a haɗe su, a sake raba su. Wanda ya kalli lamarin daga nesa zai iya cewa wasan malamai ne kawai, irin gardamar da ba ta ƙara wa miya gishiri. Wannan fahimta kuskure ce. Sunan kimiyya da'awa ce a kan dangantaka, kuma duk da'awar da za a iya gwadawa dole wata rana a gyara ta. Ƙasar da ta raina wannan aiki na tantance halittu da raɗa musu suna kuwa, za ta wayi gari ba ta san abin da ke cikin ruwanta ba, balle ta san abin da ta rasa.

Haƙoran da aka ga kafin a san aikinsu

Masana dabbobi suna jera halittu ne hawa-hawa. Matakin ƙasa shi ne nau'i, wato taron halittun da ke hayayyafa a tsakaninsu. Nau'o'i makusanta su taru su zama dangi, dangogi su zama reshe, rassa su zama gida. Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu a Latinanci: ta farko sunan dangi, ta biyu sunansa na kansa. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tsayar da wannan tsari, kuma daga bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, ake fara lissafin sunayen dabbobi har yau.

Tafkin Tanganyika, wanda Tanzaniya da Burundi da Zambiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suka kewaye, shi ne na biyu a zurfi a duniya bayan Tafkin Baikal na Rasha. Zurfinsa ya kai kimanin mita 1,470, tsawonsa ya haura kilomita 670, shekarunsa kuwa ana ƙiyasta miliyan 9 zuwa 12. A cikinsa akwai nau'o'i wajen 240 na gidan Cichlidae, gidan da karfasa ta fito, kuma kusan dukkansu ba a samun su a ko'ina sai nan.

A shekarar 1898 George Albert Boulenger, masanin kifi ɗan asalin Beljiyam da ke aiki a gidan adana kayan tarihin halitta na Landan, ya duba kifayen da J. E. S. Moore ya kwaso daga tafkin. A cikinsu ya ga wasu masu haƙora irin waɗanda bai saba gani ba, masu faɗi, masu lanƙwasa. Ɗaya ya kira shi Perissodus microlepis, ɗayan kuma Plecodus paradoxus. Kalmar Perissodus daga Girkanci take, tana nufin haƙori na daban. Abin dariya kuma, microlepis na nufin mai ƙananan ɓawo, wato nasa ɓawon na jiki ake nufi, ba na wasu da yake ci ba. Boulenger bai san sana'ar kifin ba, domin gawa ce a kwalba a gabansa. Sai a shekarar 1954, bayan shekara 56, wasu masu bincike 'yan Beljiyam biyu, Marlier da Leleup, suka bayyana cewa cikin waɗannan kifaye cike yake da ɓawon wasu kifaye, kuma haƙoran nan kayan aikin ɓamɓara ne.

Ɓawo ba abin banza ba ne kamar yadda mai kankara a kasuwa ke ɗauka. Yana da sinadarin ƙashi, kuma yakan fito tare da siririyar fata da yauƙi masu gina jiki. Ga shi kuma gona ce da ake girbe ta ba tare da an kashe mai gonar ba.

Da aka gano sana'ar, sai gardamar suna ta tashi. A 1976 Karel Liem da Donald Stewart suka sake nazarin ƙashi da haƙoran kifayen, suka ce bambancin da ke tsakaninsu bai isa a ware su dangi-dangi ba, suka tattara su duka a ƙarƙashin Perissodus. A 1986 Max Poll, na gidan adana kayan Afirka da ke Tervuren a Beljiyam, ya sake raba su. Ya maido da Plecodus da Xenochromis, ya haɗa su da wani dangin mai suna Haplotaxodon, ya kira taron duka reshen Perissodini. Yau ana lissafa nau'i 9 a wannan reshe. A 2007 kuma ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya daga Jafan ɗaya daga Ostiriya, suka duba ƙwayoyin gadon kifayen. Sakamakon ya tabbatar da cewa tsatsonsu ɗaya ne, ya nuna cewa asalinsu daga ruwa mai zurfi ne, ya kuma nuna cewa iyakar da aka shata tsakanin Perissodus da Plecodus ba ta bi layin dangantaka ba. Shi ya sa har yanzu wani masani zai rubuta Plecodus straeleni, wani ya rubuta Perissodus straeleni, alhali kifi ɗaya suke nufi.

Gado da haye

Bahaushe ya san bambancin ɗan gado da ɗan haye. Wanzami biyu na iya zama a inuwa ɗaya, aska iri ɗaya, zabira iri ɗaya, amma ɗaya ya gaji sana'ar kaka da kakanni, ɗayan da girmansa ya shigo ta. Haka kuma a gidan wanzamai akan sami ɗan da ya zama tela, kuma hakan bai fitar da shi daga zuriya ba. Wanda ya tashi rubuta salsalar gari, in ya bi sana'a, zai haɗa baƙi ya raba 'yan uwa.

Wannan ita ce matsalar masu jera kifaye. A cikin reshen Perissodini kansa, nau'o'in Haplotaxodon guda biyu ba sa cin ɓawo. Abincinsu ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa ne da 'yan mitsi-mitsin kifaye. Su ne telolin gidan wanzamai, kuma an bar su a gidan saboda jini ya tabbatar da su.

A ɗaya ɓangaren kuma, 'yan haye sun cika duniya. A Tafkin Malawi akwai Genyochromis mento da Corematodus shiranus, su ma 'yan gidan Cichlidae masu cin ɓawo, amma kowannensu ya fi kusa da maƙwabtansa na Malawi masu cin wasu abubuwa fiye da masu cin ɓawo na Tanganyika. A kogunan Kudancin Amurka akwai Catoprion mento, ɗan gidan kifin firana, da dangin Roeboides waɗanda wasu haƙoransu ke wajen baki suna kallon gaba. A Indiya akwai Chanda nama, ɗan ƙaramin kifi mai jiki kamar gilashi. A wani tsibiri na Bahamas akwai Cyprinodon desquamator, wanda sai a 2013 aka raɗa masa suna. Dukkansu sana'a ɗaya, amma kowanne ta ƙofarsa ya shigo. Karfasar da ke kan faranti a Tudun Wada ta fi Catoprion kusanci da Perissodus nesa ba kusa ba, duk da cewa ita ba ta taɓa ɗanɗana ɓawon kowa ba.

Su kansu kifayen suna amfani da kama wajen yaudara. Corematodus shiranus yana da launi da siffar wata karfasa ta Malawi, yana kutsawa cikin garkenta kamar ɗan gida, yana kankare musu ɓawon jela. Plecodus straeleni kuma yana da ratsi-ratsi irin na wasu kifayen Tanganyika marasa cutarwa. In kama na iya ruɗar kifi a cikin ruwa, ba abin mamaki ba ne ta ruɗi masani a ɗakin bincike.

Bambanci ma yana ruɗarwa kamar yadda kama ke yi. Bakin Perissodus microlepis a karkace yake: na wasu ya karkata dama, na wasu hagu. Mai bakin dama, da yake ta baya yake zuwa, gefen hagun kifi yake kai wa hari, mai bakin hagu kuma gefen dama. A 1993 masanin Jafan Michio Hori ya wallafa binciken da ya shafe sama da shekara goma yana yi, inda ya nuna cewa yawan ɓangarorin biyu yana hawa da sauka ne a kusa da rabi da rabi, zagaye ɗaya a cikin kimanin shekara biyar. Dalili kuwa, in masu bakin dama suka yi yawa, sauran kifaye sukan koyi tsaron gefen hagunsu, sai kasuwar masu bakin hagu ta buɗe, su ƙoshi, su hayayyafa, har su ma su yi yawa a gane su. Wanda ya ga kifayen biyu a kwalba zai iya ba su suna biyu. Amma nau'i ɗaya ne, suna aure a tsakaninsu.

Na kusa da gida

Kada a ɗauka labarin ya tsaya a gabashin Afirka. Ruwan Kubanni da ke ratsa Zariya yana faɗawa Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa shi Kwara. A wannan babban kwari na Kwara da Binuwai, da kuma Tafkin Chadi, akwai kifi mai sana'ar da ke maƙwabtaka da ta masu cin ɓawo. Sunansa na kimiyya Ichthyborus besse, siriri ne mai dogon baki, kuma tun 1835 aka bayyana shi daga Kogin Nilu. Shi ƙege yake ci, wato filafilan da kifi ke iyo da su. Yakan gutsuri yanki daga jela ko ƙegen wani kifi ya wuce. Yana da ɗan uwa a ƙasan Kwara mai suna Phago loricatus, mai irin wannan hali.

Saboda fasalin muƙamuƙinsu, an daɗe ana ajiye waɗannan kifaye a gida na daban mai suna Ichthyboridae. A 1979 Richard Vari ya bi ƙasusuwansu dalla-dalla ya nuna cewa reshe ne kawai a cikin gidan Distichodontidae, gidan da ya ƙunshi dangin Distichodus masu cin ciyawar ruwa da masunta suka sani sarai. Aka rushe gidan da aka gina a kan kayan sana'a, aka mayar da masu gutsurar ƙege cikin danginsu masu kiwo. Kuma ta fuskar salsala, Ichthyborus ya fi kusa da tsage da kawara fiye da Perissodus, duk da cewa shi da Perissodus ne ke rayuwa a kan jikin wasu.

Ita karfasa ma ta sha irin wannan sauyi. Abin da ake kira karfasa a kasuwa aƙalla nau'i uku ne manya. A da duk ana kiran su Tilapia. Ethelwynn Trewavas, masaniyar kifi ta Landan, a babban littafinta na 1983, ta raba su bisa yadda suke renon ƙwai. Wadda uwa ke ɗauke ƙwai a baki ta zama Oreochromis niloticus. Wadda uba ma kan shiga renon baki ta zama Sarotherodon galilaeus. Wadda ke zuba ƙwai a ƙasa iyaye biyu su yi gadi ta ci gaba da amsa Tilapia zillii, har zuwa 2013 da Dunz da Schliewen, bisa shaidar ƙwayoyin gado, suka mayar da ita Coptodon zillii. Tarwada ma haka: wadda tsofaffin littattafan Nijeriya ke kira Clarias lazera, binciken Guy Teugels na shekarun 1980 ya nuna ita ce dai Clarias gariepinus da aka riga aka sani a kudancin Afirka, sai tsohon sunan ya rinjayi sabo, kamar yadda dokar raɗa suna ta tanada.

Ƙorafi uku

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan aiki, kuma masu yin su ba jahilai ba ne.

Na farko na malaman makaranta ne da ɗalibai. Ɗalibi ya haddace Tilapia zillii daga littafin da ke laburare, ya je intanet ya tarar da Coptodon, ya rasa wanne zai rubuta a jarrabawa. Wannan wahala gaskiya ce. Sai dai maganinta shi ne a sabunta littattafai, a kuma koya wa ɗalibi dalilin sauyin. Ɗalibin da aka gaya masa cewa suna ya sauya ne domin an gano kifin ba ɗan wancan dangi ba ne ya koyi abin da ya fi haddar suna amfani: ya koyi cewa ilimi yana karɓar gyara in hujja ta zo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsohon sunan ma ba a jefar da shi, ana ajiye shi a rubuce kusa da sabon domin mai bin tsofaffin takardu ya gane hanya.

Ƙorafi na biyu na masu tsara kasafi ne. Suna cewa ƙasar da ke shigo da kifin ƙanƙara daga waje don cike giɓin abinci ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe a kan Latinanci, gara a zuba su a kiwon kifi. Amma kiwon kifin kansa a kan tantancewa ya dogara. Oreochromis niloticus tana girma da sauri, ita ce aka fi kiwo a duniya cikin danginta. Coptodon zillii ba ta kai ta saurin girma ba, kuma in ta sami tafkin kiwo takan cika shi da 'ya'ya ƙanana masu cin abinci ba sa yin nauyi. Suna ƙanana, mai ido bai cika bambanta su ba. Ma'aikacin da ya fasa asusunsa ya haƙa tafki a bayan gari, ya sayi 'ya'yan da aka ce masa karfasa ce, ya ciyar da su wata shida, a ranar kamu ne zai san ko wace karfasa ya saya. Asarar da zai yi, asarar rashin suna ce. Haka nan masu ƙyanƙyasar tarwada da ke haɗa Clarias da Heterobranchus don samun 'ya'ya masu saurin girma: wanda bai san iyayen da ya haɗa ba, bai san abin da yake sayarwa ba, bai kuma san abin da zai kuɓuce ya shiga kogi ba in ambaliya ta zo.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi. Ana cewa Hausa na da sunayen kifinta: giwan ruwa, kurungu, gaiwa, minjirya, talibambam, ragon ruwa, ga su nan birjik, kuma masunta sun rayu da su ɗaruruwan shekaru ba tare da Linnaeus ba. Gaskiya ne, kuma waɗannan sunaye taska ce. Sau da yawa masunci ya san abin da masanin kwalba bai sani ba. Da Boulenger ya sami zama da wanda ya ga kifin yana farauta, da wataƙila ba a jira shekara 56 ba. Sai dai sunan gargajiya da sunan kimiyya aikinsu daban. Na gargajiya yana amsa tambayar kasuwa da tukunya da koma: nawa ne, yaya ɗanɗanonsa, a ina ake kama shi, yana da ƙaya ko babu. Shi ya sa kurungu suna ɗaya ne a baki, alhali a ƙarƙashinsa akwai nau'o'in Synodontis masu yawa. Shi ya sa kuma kifi ɗaya kan amsa suna daban a Yawuri, daban a Baga. Sunan kimiyya kuwa yana amsa tambayar asali, kuma yana ba mai bincike a Zariya damar sanin cewa kifin da ke hannunsa shi ne wanda wani ya yi nazari a Masar ko Ghana. Ko a cikin turasin malaman Musulunci an san tsari fiye da ɗaya: Al-Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya jera dabbobin littafinsa Hayatul Hayawan ne bisa haruffa, domin manufarsa sauƙin nema. Kowane tsari da buƙatar da yake biya. Hikima ita ce a riƙe biyun, a ɗaure su da juna.

Abin da ake rasawa ba a sani ba

Tafkin Victoria ya isa ishara. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a cikinsa don bunƙasa kamun kifi, shi dai giwan ruwan da ake alfahari da kamunsa a Argungu. A can baƙo ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma daga cikin nau'o'i sama da 500 na ƙananan 'yan gidan Cichlidae da ke ciki, masana sun ƙiyasta cewa wajen 200 sun ɓace. A cikin wannan taro akwai masu fasa katantanwa, da masu kankare gansakuka, da masu cin ƙwan wasu, har da mai kankare ɓawo. Da yawansu sun ƙare tun ba a raɗa musu suna ba. A bakin masu tsara manufa a wancan lokaci, dukkansu ƙananan kifaye ne masu ƙaya marasa daraja. Suna ɗaya aka yi musu, shi ya sa aka yi musu hukunci ɗaya.

Ruwayen Arewa ma ba su tsaya yadda suke ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, ta Challawa a 1992. Kowace ta sauya lokacin ambaliya da yawanta, alhali kifaye da dama da ambaliyar suke shiga fadama su yi ƙwai. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ja da baya ƙwarai bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Kifi irin Ichthyborus, wanda cinsa ya dogara da yalwar wasu kifaye, kuma ba shi da wata daraja a kasuwa, zai iya ƙarewa a wani kogi ba tare da kowa ya yi cigiyarsa ba. Ba a cigiyar abin da ba a san sunansa ba.

Zariya tana da tarihi a wannan fage. A 1967 Kamfanin Gaskiya ya buga wa Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda William Reed ya rubuta tare da John Burchard da A. J. Hopson da Jonathan Jenness da Ibrahim Yaro. Littafin ya bayyana kifayen Arewa da hanyoyin kamunsu, kuma har yau masu bincike na kafa hujja da shi. Amma an rubuta shi ne kafin a rufe Kainji, kafin Trewavas ta raba karfasa, kafin a iya karanta ƙwayoyin gado. A 1998 Olaosebikan da Raji sun fitar da jagorar gane kifayen Nijeriya daga New Bussa, garin da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take. Aiki ne mai kyau, kuma shi ma shekaru sun fara hawa kansa.

Aikin da ke jira

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jami'o'in Arewa ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda harabarta ta Kongo ke maƙwabtaka da kasuwar Tudun Wada, tana da masana dabbobi da na harshe a inuwa ɗaya.

Da farko, taskar kifaye mai rai da kuɗin kulawa, inda za a adana samfurin kowane nau'i daga Galma, Kaduna, Rima, Haɗeja, Gongola da Chadi, tare da ranar kamu, wurin kamu, hoto, da ɗan yankin tsoka don gwajin ƙwayoyin gado. Dokar raɗa suna ta ɗaure kowane suna ne da samfuri guda da aka ajiye, wanda ake komawa gare shi in gardama ta tashi. Mafi yawan irin waɗannan samfura na kifayen Afirka suna Landan da Faris da Tervuren. Ba za a iya sake tarihi ba, amma ana iya tara abin da zai sa ɗalibi a Samaru ya tantance kifin Galma ba sai ya nemi biza ba.

Na biyu, ƙamus na sunayen kifi na Hausa gari-gari, kowane suna a ɗaure da samfurin da aka nuna wa masunci ya ambata. Wannan aiki na gaggawa ne, domin ilimin yana kan Sarakunan Ruwa da dattawan Kabawa da Sarkawa, kuma 'ya'yansu da yawa sun bar koma sun kama wasu sana'o'i. A tambaye su har da halayen kifi: me yake ci, yaushe yake ƙwai, wane kifi ne ake yawan kamawa da gutsurarriyar jela, kuma wa suke zargi da gutsurar.

Na uku, a horar da matasa masu tantancewa, a kuma ba aikin daraja wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike. Ƙirga haƙora da ƙasusuwan ƙege aiki ne mai cin rai, ba ya kawo suna da wuri. Amma duk binciken kiwo, da na gurɓatar ruwa, da na cututtukan kifi, a kansa yake tsaye, domin sakamakon da aka rubuta a kan kifin da aka yi kuskuren sunansa ba shi da amfani ga kowa.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Linzamin da aka sa wa dokin da ba shi ba kuwa, ba ya kai mahayi inda ya nufa. Masanan da suka shafe shekaru da dama suna gardama a kan ko straeleni ɗan Plecodus ne ko ɗan Perissodus suna ƙoƙarin sa linzami ne a bakin da ya dace, kuma sun yarda a gyara musu in sun kuskure. Gobe da safe mai kifi a Tudun Wada zai sake kankare karfasa, ɓawo ya sake zuba a ƙasa. Tambayar da ta cancanci a sami mai amsa ta a cikin garin, da hujja a hannu, ita ce: wace karfasa ce wannan, daga wane ruwa ta fito, kuma nau'i nawa ne suka rage a can tare da ita?